Yadda Haruffa Masu Lanƙwasa Suka Sami Masauki a Wikipedia

Malamanmu na dā, waɗanda suke ajiye warƙoƙin littafi a cikin gafaka ba tare da ɗinki ba, sun saba rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta, domin almajiri ya san inda magana ta dosa. Irin wannan larura ce kuwa ta fuskanci Tim Berners-Lee sa'ad da yake shimfiɗa ƙa'idojin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN tsakanin 1989 da 1991, har aka tsayar da alamar # a ƙarshen adireshi, abin da ya biyo bayanta ya zama sunan fasalin da ake nufin mai karatu ya sauka a kansa.

Da Wikipedia ta bayyana a 2001, manhajar da aka rubuta mata a 2002, wadda daga bisani aka raɗa wa suna MediaWiki, ta ɗauke wa marubuci nauyi: shi dai ya kewaye kan fasali da alamar == gaba da baya, ita kuma ta mayar da shi masauki, ta cike kowace tazara da ɗan layi, in kanu biyu sun zo iri ɗaya ta liƙa wa na biyu lamba 2. Sai dai akwai mushkila, domin ƙa'idar HTML 4 ta 1997 ba ta halatta komai a irin wannan suna ba face haruffan Turanci da lambobi da 'yan alamomi, alhali ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga Zariya tun 1939, ba sa cikin lissafin. Dabarar da aka yi ita ce a rubuta lambobin harafin na UTF-8, kowace da ɗigo a gabanta, ta yadda mutumin da aka aiko wa mahaɗi zuwa fasalin Ƙananan hukumomi, don ya duba Anka da Gummi da Bukkuyum cikin 14 na Zamfara, zai tarar da .C6.98ananan_hukumomi, abin da ko hatimi ya fi shi sauƙin karantawa. Masu Larabci, da dukan haruffansu suke bare a wannan ƙa'ida, sun fi mu shan wuya nesa ba kusa ba. Mafi muni, in mahaɗi ya saɓa wa masauki ko da harafi ɗaya, na'ura ba ta faɗin komai, sai ta sauke mutum a saman shafi ya yi ta lalube.

Bayan HTML5 ta tabbata a 2014, tana halatta kowane harafi ban da tazara, MediaWiki ta bi sahu a 2017, kuma hikimar gyaran, a ganina, ita ce an bar tsohon suna ɓoye kusa da sabo, don kada mahaɗan shekara da shekaru su mutu. Abin da ya rage yana hannun marubuta: wanda ya sauya kan fasali ya tsinke duk mahaɗin da ke zuwa gare shi, haka nan wanda wayarsa ba ta da ƙ ya buga k, domin a wurin na'ura haruffa biyu ne mabambanta.