Hula da Rawani a Bakin Iyaka: Wa Ke Ɗaukar Alhakin Alama?

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda fataken Damagaram da Magarya ke haɗuwa da dillalan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar a kan cinikin shanu da raƙuma, zai lura cewa tun baki bai buɗe da sallama ba tufa ta riga ta yi bayani: ga Buzu ya naɗe fuska da rawanin da shuninsa ya rine masa kunci, ga saurayi ya karkata jar hula, ga kuma dattijuwa mai fura ta ɗaura atamfar da aka buga wa fuskar wani ɗan takara, wanda mai yiwuwa ko sunansa ba ta riƙe ba. Mas'alar ita ce, shin waɗannan ukun hukuncinsu ɗaya ne?

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanya urfi, watau abin da mutanen wuri suka saba da shi, cikin abubuwan da ake lura da su wajen yanke hukunci, kuma a nan ne bakin iyaka ke da darasi. An kafa yankin ciniki maras haraji na Maigatari a zamanin Gwamna Saminu Turaki domin haja ta gudana ba tare da nauyin kuɗin fito ba, amma ma'anar tufa ba ta bin hajar ta ƙetare. Jar hular da a Kano, ko a Gumel, take shelar cewa mai ita ɗan Kwankwasiyya ne, wadda kuma magoya bayanta ke dangantawa da Malam Aminu Kano da ya rasu a 1983, idan ta shiga ƙauyukan Damagaram sai ta koma dara kawai, irin wadda kakanni suka sa tun ba a san jam'iyya ba. Saboda haka babu laifi a jikin ƙyalle. Abin dubawa shi ne abin da jama'ar wurin za su karanta, da kuma ko mai sanyawa ya san za su karanta shi.

Wanda ya sani ya kuma sa, to lalle ya ba da shaida, kuma shaida amana ce. Idan ya sa hular tafiyar da zuciyarsa ba ta yarda da ita ba, domin neman kwangila ko kujerar Makka, ban ga sunan da ya dace da aikinsa ba illa riya. Haka nan attajirin da ya naɗa rawani mai kunne biyu ya yafa alkyabba alhali fada ba ta naɗa shi komai ba, a masarauta irin Gumel wadda ta riƙe sarautarta ta Mangawa ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ya ari daraja ne ba da iznin masu ita ba, ko da kuwa da kuɗinsa ya saya. Hatta dokar zaɓe ta 2022 ta yarda cewa tufa magana ce, tun da ta hana sanya alamar jam'iyya cikin mita 300 daga rumfar zaɓe.

Za a ce ai alama tana tsufa, kuma gaskiya ne: rigar tazarce ta samo sunanta daga yunƙurin Janar Abacha na zarcewa a 1998, ga shi yau liman yana hawa mumbari da ita babu mai tuhumarsa. Amma fa wannan hujja ta tufar da ma'anarta ta mutu ce, ba ta wadda ake jifa da duwatsu a kanta ba.

Dattijuwar nan kuwa, ni ban ga abin da za a tuhume ta da shi ba, domin larura ce ta ɗaura mata zanen ba aƙida ba, sutura take nema ba shela ba. Alhakin yana wuyan wanda ya auna talaucinta, ya buga fuskarsa a yadi shida, ya aiko wakilinsa ya raba a ƙofar mai unguwa ana saura mako biyu zaɓe.