Babi na Uku: Hatsarin Aiki a Filayen Haƙar Kuza na Jos a Zamanin Mulkin Mallaka

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba irin hatsarin da leburorin kuza suka fuskanta a tsaunukan Jos, da kuma abin da hukuma ta yi a kai. Abin da nazarin yake son tabbatarwa shi ne, mafi yawan wannan hatsari ba daga ƙasa ko ruwa ya taso ba, daga yadda aka tsara aikin ne da yadda ake biyan ladansa.

3.1 Yanayin Aikin

Tun kafin zuwan Turawa akwai maƙera masu narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, sai dai aikinsu na hannu ne, bai yi yawa ba. Abin ya sauya ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da kamfanin Neja ya tura masu bincike. Bayan 1910 kamfanonin Ingila suka yi ta kwararowa, kuma a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Bukur.

Ita kuzar Jos a cikin tsakuwar tsofaffin magudanan ruwa take, ƙasa ta binne ta. Saboda haka sai an yaye ƙasar sama kafin a kai gare ta. Da diga da shebur ake haƙa, a loda a kwanon sarki, maza da mata har da yara su ɗauka a ka su hau gangare su zubar. Daga baya manyan kamfanoni sun kawo injunan kwasar ƙasa da famfunan feshin ruwa, amma hannu bai daina aiki ba.

Babban hatsarin da ke cikin ramin shi ne ruftawar gaɓa. Hanya mafi aminci ita ce a sare gaɓar hawa-hawa kamar matakala, daga sama zuwa ƙasa. Hanya mafi sauri kuwa ita ce a rarake gindinta, a bar saman ya zubo da kansa. Wanda ake biya da yawan ƙasar da ya kwashe, ko nauyin kuzar da ya kawo, ba sai an faɗi wadda zai zaɓa ba. Da damina abin ya fi muni, domin ƙasar da ta sha ruwa ba ta yin gargaɗi kafin ta rufto. Haka kuma akwai zamewa a kan gangare da kaya a ka, da nutsewa a ramukan da ruwa ya cika.

A nan ya kamata a lura da bambancin ma'aikata. Akwai lebura mai albashi a ƙarƙashin helma, akwai kuma wanda kamfani ya bari ya haƙa a filinsa, ya wanke, ya kawo a auna a saya. Wannan na biyu a idon kamfani ba ma'aikaci ba ne, mai talla ne. Idan gaɓa ta danne shi, asarar ta iyalinsa ce. A ganin mai wannan nazari, wannan tsari bai rage hatsari ba ko kaɗan, ɗauke shi ya yi daga wuyan mai jari ya ɗora wa talaka.

3.2 Ɗiban Gwamna, 1942-1944

Lokacin da ya fi kowane nuna gaskiyar wannan magana shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai samar da kuza a daular Ingila. Sai idon gwamnati ya koma kan Jos. Da yake ladan aikin bai kai ya jawo isassun mutane ba, aka koma ga aikin tilas, wanda jama'a suka kira ɗiban gwamna. Ingila ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 wadda ta hana aikin tilas, to amma yarjejeniyar ta keɓe lokacin yaƙi, kuma ta wannan ƙofa aka shiga.

Ta hannun En'e aka yi ɗiban. Ana yanka wa lardi adadi, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai. Manoma daga lardunan Sakkwato da Katsina da Zazzau da Bauchi da Binuwai aka riƙa kwasowa, kowane rukuni ya yi 'yan watanni a sallame shi a kawo wani. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 100,000 ne abin ya shafa a cikin shekarun nan biyu.

Idan aka duba abin da ya hallaka waɗannan bayin Allah, za a ga cewa ba rami ne ya fi cin su ba. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma sanyinta na hunturu da na damina ba irin wanda mutumin Sakkwato ya saba da shi ba ne. An kawo mutane ba isassun tufafi, aka cusa su a bukkokin da aka yi cikin gaggawa. Abinci ya yi tsada kuma bai wadata ba, tun da an tara dubban bakuna a ƙasar da ba ta noma abin da zai ishe su. Mutumin da ya yini tsaye cikin ruwan sanyi, ya kwana da yunwa a ɗakin da ya cika maƙil, ciwon haƙarƙari da atini da sauran cututtuka masu yaɗuwa ba sa wahala wajen kayar da shi. Bill Freund, a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a filayen kuza, ya nuna yadda mace-mace suka yi tsanani musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Mutane da yawa gudu suka yi, wanda shi ne kaɗai kariyar da ta rage musu.

Kuzar da aka haƙa ta kai ƙololuwarta a 1943, wajen tan 17,000, amma ƙarin bai yi daidai da yawan mutanen da aka tara ba, domin mara lafiya da wanda aka tilasta ba sa aikin kirki. 'Yan majalisar Ingila sun yi ta tambayoyi a kan lamarin, kuma a 1944 aka soke ɗiban.

3.3 Doka da Iyakarta

Ba za a ce babu doka ba sam. Akwai Sashen Ma'adinai mai sufetoci, kuma akwai ƙa'idojin haƙa. A 1941 an kafa dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Sai dai diyya bayan aukuwar abu take zuwa, kuma tana buƙatar a nuna cewa aikin ne sanadi. Wanda gaɓa ta karya wa ƙafa yana da abin nunawa. Wanda ya kwashi ciwon ƙirji a bariki, aka sallame shi, ya je ya cika a hanya ko a ƙauyensu, babu littafin da sunansa zai shiga. Wannan ne ya sa duk wani adadin hatsari da aka samu a rahotannin hukuma ya kamata a karɓe shi a matsayin mafi ƙaranci. Dokar masana'antu ta 1955 kuwa, wadda ta yi maganar tsafta da iska da killace injuna, ma'aikatu ta shafa, ba ramukan haƙa ba.

Bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni sun janye, suka bar ɗaruruwan kududdufai a yankunan Bukur da Barikin Ladi. Haƙar ta koma hannun ƙananan masu haƙa, waɗanda ke yin abin da ake kira loto, wato rami mai faɗin rijiya da ake nutsawa ƙasa, sannan a bi jijiyar kuza ta gefe ba tare da tokari ba. Ga ruftawa, ga ƙarancin iska, ga ruwa mai ɓullowa ba zato. Har yanzu da nauyin abin da mutum ya fito da shi ake biyansa, kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta cika isa ga wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki ba.