Yadda tarin kwal ke kamawa da wuta

Kwal na iya kamawa da wuta ba tare da an ƙyasta ashana ba. Idan aka jibge shi, iskar da ke ratsa tarin kan sa ya riƙa ɗaukar zafi sannu a hankali. Muddin zafin bai samu mafita ba, sai cikin tarin ya soma ci, ba a ankara sai hayaƙi ya ɓullo.

Kwal mai taushi, irin wanda ake haƙowa a Maiganga ta jihar Gombe, ya fi saurin yin haka, shi ya sa ake danne tarinsa sosai domin toshe hanyar iska.

Wutar da ta shiga ƙarƙashin ƙasa kuwa kan gagari masu kashe gobara. A Jharia ta ƙasar Indiya tana ci tun 1916, a Centralia ta Amurka kuma tun 1962, har ta kai ga kwashe kusan dukkan mazauna garin.