Laburaren Jihar Arewa da Gādon da Ya Bar wa Adamawa

A shekarar 1952 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe wani ofishi a Kaduna, ta ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfin girmansa nesa ba kusa ba: ya kai littafi kowane lardi, tun daga Sakkwato har Adamawa, tun daga Barno har Ilori. Wannan shi ne Laburaren Jihar Arewa. Duk wata hukumar laburare ta jiha da ke Arewacin Nijeriya a yau, har da tamu da ke Yola, zuriyarsa ce. Fiye da shekara 70 ke nan da kafa shi, kuma ya cancanci mu mutanen Mubi mu san tarihinsa, domin irinmu, mazauna ƙarshen hanya, su aka tuna da su tun ranar da aka aza tubalinsa.

Kafin zuwansa akwai abin da ake kira ɗakin karatu na En'e. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne Turawan mulki suka bazu da irin waɗannan ɗakuna a manyan garuruwa, don jama'a su riƙa samun labarin fagen fama ta bakin gwamnati. Ɗaki ne ɗaya, da benci, da tebur, da jaridu, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, sai wani malamin En'e mai riƙe da makulli. Da yaƙi ya ƙare sai ɗakunan suka rage a hannun hukumomin En'e, kowace tana yin iyakar abin da baitulmalinta ya iya. Inda Sarki ke son abin, ɗakin ya rayu. Inda hankalin fada ya koma wani wajen, littattafan suka tsufa a kan kanta ba mai canza su.

Ba a ƙasar jahilai aka kawo wannan abu ba, wannan kam a faɗe shi a sarari. Tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, da bayan haka, zaurukan malamanmu cike suke da littattafan Larabci da na ajamin Fulfulde da Hausa, ana kwafa da hannu, ana aro, ana gāda. Abin da babu shi ne ɗakin da talaka zai shiga ba tare da ya zama almajirin kowa ba, ya zauna, ya ɗauki littafin da ransa ke so. Wannan giɓi ne aka nufi cikewa.

Wadda aka fara damƙa wa aikin wata Baturiya ce ƙwararriya, Joan Parkes. Ita da 'yan ma'aikatan da ke tare da ita sun duba faɗin Arewa, suka ga ba su da kuɗin gina laburare a kowane gari, ba su kuma da ma'aikatan da za su zuba a ciki. Sai suka ɗauki hanyar da ta dace da hālinsu. Kaduna za ta zaɓi littattafai, ta saye, ta yi musu rajista da kati, ta shirya su a akwatuna, a aika wa ɗakunan karatu na En'e da makarantu da kwalejojin horon malamai. In an gama da akwati sai a mayar, a karɓi wani. Su kuma malaman da ke tsaron ɗakunan a riƙa kiransu kwas na ɗan lokaci, a koya musu yadda ake jera littafi, da yadda ake rubuta aro, da yadda ake karɓar baƙo.

A tsaya a dubi akwatin nan da kyau. Ya taso daga Kaduna, ya sha jirgin ƙasa, ya sha bayan babbar mota a hanyar da damina ke yankewa, ya iso garin da jarida kan kwana da kwanaki kafin ta zo. Malamin ɗaki ya buɗe, ya fito da takardar jerin sunaye, yana ɗaga littafi ɗaya ɗaya yana sa alama. Malamin firamare da ke shirin jarrabawar ƙarin girma yana tsaye yana jiran na lissafi. Akawun kotu yana neman na Turanci. Dattijon da bai daɗe da karɓar takardar shaidar Yaƙi da Jahilci ba yana laluben ɗan ƙaramin littafin Hausa mai manyan baƙaƙe. Kowannensu ya san littafin ba nasa ba ne, kuma ya san wani na tafe bayansa. Wannan juyawa ita ce ruhin tsarin gaba ɗaya: littafi ɗaya ya yi wa garuruwa da yawa aiki, ba ya zauna a wuri guda har gara ta same shi.

Zamanin ma ya taimaka. Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa hidima, yana ta yaye manya masu karatu, Hukumar NORLA a Zariya tana buga musu abin karantawa cikin Hausa da wasu harsunan Arewa, ga kuma Kamfanin Gaskiya. A 1953 UNESCO ta kira babban taro a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, abin da ya sa gwamnatocin jihohi suka fara kallon laburare a matsayin aikin hukuma, ba sadakar wani mai son karatu ba. Jihar Gabas ta yi dokar hukumar laburarenta a 1955. Arewa ta riga ta da buɗe ofishi, amma ta yi jinkirin doka, kuma wannan jinkiri ya ci mata tuwo a ƙwarya daga baya.

A waɗannan shekaru Mubi tana cikin wani hali na daban. Ƙasarmu tana cikin yankin Kamaru da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Ingila amana, ana mulkinta tare da Lardin Adamawa. Da Nijeriya ta sami 'yanci a Oktoban 1960 sai aka ware yankin na ɗan lokaci ƙarƙashin wani Bature mai kula, Sir Percy Wyn-Harris, wanda ya zauna a nan Mubi. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka zaɓi Nijeriya, ranar 1 ga Yuni kuma aka haifi Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa. Ma'ana, a daidai lokacin da gwamnatin Sir Ahmadu Bello ta zauna don tsara makomar laburare a Arewa, garinmu ya riga ya zama babban birnin lardi, mai haƙƙi daidai da na Kano da Katsina da Bauchi a duk abin da za a raba.

Wannan zama shi ne abin alfahari mafi girma a tarihin hukumar. Gwamnati ta yarda cewa akwati da ɗakin En'e sun kai iyakarsu, ta nemi wanda zai duba Arewa duka ya tsara mata hanya mai nisa. Ƙarƙashin wani shirin taimako na ƙasashen Kwamanwel aka kawo F. A. Sharr, shugaban laburaren jihar Ostireliya ta Yamma. Zaɓen ya yi daidai ƙwarai. Jiharsa ƙasa ce mai faɗin gaske, garuruwanta a warwatse, tsakanin wannan da wancan tafiya ce mai nisa, kuma ya riga ya gina mata tsarin da hukumar jiha ke saye da juya littattafai, ƙananan hukumomi kuma su ba da gini da ma'aikaci. Mutum ne da ya san cewa matsalar laburare a babbar ƙasa matsalar nisa ce kafin ta zama ta kuɗi.

Rahotonsa kan bukatun laburare na Arewacin Nijeriya ya fito a Kaduna a 1963. Bai yi wa kowa kara ba game da raunin ɗakunan karatu na En'e, amma bai ce a rushe a watsar ba. Ya nemi a haɗa ƙarfin gwamnatin jiha da na hukumomin gargajiya cikin tsari guda, a ɗaga aikin daga matsayin ɗakin jarida zuwa laburare na sosai, sannan, abin da ya fi komai tasiri, a horar da 'yan ƙasa a gida maimakon dogaro da baƙi ko tura mutum ɗaya biyu Ingila. A lokacin makarantar koyon aikin laburare ɗaya ce a ƙasar, ta Ibadan. Daga shawararsa ce Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da ilimin laburare a 1968, wanda ya zama na farko a Nijeriya da ya ba da digirin farko a fannin, haɗe da difloma ga ma'aikatan tsakiya. Kano da Maiduguri suka bi sahu a ƙarshen shekarun 1970. Yawancin waɗanda suka riƙe laburarorin Arewa tun daga lokacin, ko dai Zariya ta yaye su, ko ɗaliban Zariya suka koyar da su. Ko da rahoton bai haifi komai ba sai wannan, ya biya kuɗin jirgin mai shi.

Sauran shawarwarin ba su sami sararin nuna kansu ba, kuma ba laifin masu tsarin ba ne. Shekara 3 da fitowar rahoton aka yi juyin mulkin Janairun 1966, aka rasa Sardauna. A Mayun 1967 aka raba Arewa jihohi 6, yaƙin basasa ya biyo baya. Littattafai da ma'aikatan Kaduna aka kasafta su tsakanin sabbin jihohi, rabonmu ya tafi Maiduguri, babban birnin Jihar Arewa maso Gabas. A 1976 aka yi Gongola, aka koma Yola aka fara sabon lale. A 1991 Taraba ta tafi da nata kason, Adamawa ta tsaya da ƙafarta. Sau uku ke nan ana rabon gādo cikin shekara 24. Wasu na kallon wannan a matsayin wargajewa. Ni ina ganinsa kamar dashen rogo: an sassare itacen, amma kowane yanki da aka binne ya tsiro. Inda dā ofishi ɗaya ne a Kaduna, yau kowace jiha tana da nata, kuma Yola ta fi Kaduna kusa da Madagali.

Shekarun tsuke bakin aljihu na bayan 1986 sun taɓa kowa. Darajar Naira ta faɗi, littafin waje ya yi tsada, albashi ya cinye kasafi. Ma'aikatan laburare sun riƙe ƙofofi a buɗe da abin da ke hannunsu, suna ɗinke tsofaffin littattafai suna mayarwa kan kanta, kuma sun cancanci a gode musu.

A cikin wannan tsakani Mubi ta zama garin ɗalibai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979, ta dawo nan a 1982. A 2002, zamanin Gwamna Boni Haruna, aka kafa Jami'ar Jihar Adamawa. Ga kuma Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya. Kowace tana da laburarenta, kuma na jami'ar da na kwalejin tarayya suna samun tallafin asusun TETFund. Ko da masifar Oktoban 2014 ta auko, 'yan ta'adda suka shiga garin, makarantu suka watse, ba a daɗe ba aka ƙwato Mubi, malamai da ɗalibai suka dawo suka share azuzuwa suka ci gaba. Garin da ya yi haka ba ya bukatar a yi masa wa'azin darajar ilimi.

Sai dai laburaren makaranta na mai katin makaranta ne, kuma kuɗin TETFund ba ya tsallake katangar manyan makarantu. Yarinyar da ta gama sakandare a Lokuwa tana shirin JAMB, a gidan da ƙanne ke guje-guje, wuta kuma ba tabbas, ina za ta zauna ta yi karatu? Ɗan kasuwar shanu da ke son sanin ƙa'idar fitar da dabba ta kan iyaka, da manomin Maiha da ke neman bayani kan ƙwarin masara, da malamin firamare a Michika, wa ke tanadar musu? Za a ce ai komai na cikin waya. Wayar tana son caji, tana son data, ba ta kuma ba mutum kujera da shiru da wanda zai nuna masa sahihin bayani daga na bogi. Laburaren zamani shi ne inda littafi da kwamfuta da intanet da wutar sola ke haɗuwa ƙarƙashin rufi ɗaya, kyauta ga kowa. Kuma shi ne wurin da ya kamata a adana abin da aka rubuta da Fulfulde, da Gude, da Fali, da Margi, da Kamwe, da Bachama, tare da takardun Lardin Sardauna, kafin masu riƙe da su su ƙare.

Wannan aiki na Hukumar Laburare ta Jihar Adamawa ne, ita ce magajiyar ofishin 1952 a wannan ƙasa, ba kuma wata hukuma da za ta yi shi a madadinta. Abin da take bukata shi ne irin abin da Sardauna ya nema: rubutaccen shiri na shekara 10 ko 15, wanda Majalisar Dokokin Jiha za ta amince da shi don kada ya mutu da sauyin gwamnati. A zagaya ƙananan hukumomi 21 a ƙidaya abin da ke akwai, gini da kanta da ma'aikaci. A ware kason sayen littattafai daban da na albashi. A tsayar da manyan rassa masu ƙarfi a Mubi da Numan da Ganye, kowanne da motar da za ta riƙa juya littattafai zuwa garuruwan da ke kewaye da shi, ƙaramar hukuma ta ba da ɗaki da mai tsaro, jiha ta ba da littafi da horo. Jami'a da kwalejin da ke Mubi suna da ƙwararrun da za su iya rubuta wannan shiri ba sai an ɗauko kowa daga Ostireliya ba. Masarautar Mubi da 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ne ya kamata su fara kai maganar Yola, tun kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa.