Abin da Idonmu Ya Gani: Zamani da Masallaci a Ƙasar Kano

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ja kwananmu har muka ga wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mu dattawan wannan jama'a aka ɗora wa nauyin rubuta ɗan tarihi cikin wannan littafi na aza harsashin masallacinmu. Galibinmu an haife mu ne Turawa na mulki, yau kuwa wasunmu sun ba saba'in baya, wasu sun haye tamanin. Abin da za mu faɗa, wani da idonmu muka gan shi, wani kuma daga bakin magabata da littattafan tarihi muka same shi.

Masallaci ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, suka tsai da salla, aka gina masallaci. Sa'an nan Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya gina masallacin Jumma'a, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano. Ginin ƙasa ne, damina na cinsa, ana yaɓe, ana sākewa. A farkon shekarun 1950 Sarki Abdullahi Bayero ya tsai da ginin dutse da siminti mai ƙubba da hasumiya biyu. Watau gini ya sāke sau da yawa, amma sallar da Wangarawa suka tsayar ita ce muke yi har yau.

To, mu da muka tashi muka tarar da wannan, bari mu lissafa abin da ya juya a gabanmu.

Mun buɗe ido ana ciniki da fam da sule, da sisi da taro da kwabo. Sule 20 ke fam guda, kwabo 12 ke sule. Ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira da kobo, fam ɗaya ya zama naira 2, tsofaffinmu suka daɗe suna lissafi da yatsu. Kafin wannan, cikin 1972, aka mai da tuƙin mota daga hannun hagu zuwa hannun dama. Yau ga jikokinmu suna biyan kuɗi ta wayar hannu, wadda ta shigo ƙasar nan cikin 2001, ba su ko taɓa takardar ba.

Mun ga dalar gyada a tsaye kamar duwatsu, tana jiran jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Ikko. Muna tsammani ba za ta ƙare ba. Sai fari ya zo cikin 1973, cutar gyada ta biyo cikin 1975, arzikin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, dala ta zama labari. Wuraren da muka sani gonakin dawa da gero ne, irin su Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki, yanzu duk gari ya haɗiye su.

Mulki ma haka. Mun ga En'e da 'yan doka da alƙalanta. Mun ga an sauke tutar Ingila ran 1 ga Oktoba 1960. Mun ji rasuwar Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ran 15 ga Janairu 1966, Allah Ya jiƙansa. Cikin 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako na gwamna, a shekarar nan kuma aka shiga yaƙin basasa har 1970. Cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, aka kuma buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa. Haraji da jangali da suka sa iyayenmu sayar da akuya, gwamnatin Abubakar Rimi da ta hau cikin 1979 ta soke su. Sarki Ado Bayero ya yi shekara 50 da ɗoriya kan gadon sarauta, daga 1963 zuwa 2014, shi ma ya amsa kira. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Hanyar Makka kanta ta sāke. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, ta Barno da Cadi da Sudan, suna noma suna ƙwadago a hanya, har su kai bakin Bahar Maliya. Wani ya yi shekara bakwai, wani ya rasu a hanya, wani ya zauna can, shi ya sa har yau akwai zuriyar Hausawa a Sudan. Yanzu mutum ya yi asuba a Kano, ya yi isha'i a Jidda. Amma ɗawafi bakwai ne ga mai ƙafa, bakwai ne ga mai jirgin sama.

Ba za mu ɓoye muku kwanakin baƙin ciki ba. Cikin Disamba 1980 fitinar Maitatsine ta ci rayuka fiye da 4,000 a birnin nan. Ran Jumma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Jumma'a ana cikin salla, mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya. Cikin 2020 annoba ta sa aka rufe masallatai, hajji ma sai 'yan kaɗan mazauna Saudiyya suka yi. A kowane karo an wanke daɓe, an shimfiɗa tabarmi, ladan ya yi kira, jama'a sun dawo. Wannan shi ne abin da muka fi so ku riƙe daga tarihin nan.

Jikinmu ma bai tsira daga juyin zamani ba. Ido ya dushe, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, wanda dā yake tafiya Idi a ƙasa yau a zaune yake salla. In muka duba sahu, da yawa daga waɗanda muka yi karatun allo tare babu su. Kuɗin da muka sani ya tafi, sana'ar da muka gada ta ja baya, maganar jikokinmu ma wani lokaci sai an fassara mana. Abu guda ne muka koya muna yara bai zama tsohon yayi ba. Asuba raka'a biyu ce tun muna bin iyayenmu da fitilar aci-bal-bal, biyu ce yau ƙarƙashin lantarki. Alƙibla tana inda muka same ta. Da wannan muka riƙe hankalinmu lokacin da kome ke juyawa.

Saboda haka muna da roƙo uku. Na farko ga masu taimako: harsashi ba masallaci ba ne, mun kuwa ga gine-gine da yawa da aka yi bikin aza su, ciyawa ta rufe. Mai buhun siminti ya kawo, mai bulo guda ya kawo, mai ƙarfi ya zo da jikinsa, gama Manzon Allah da kansa ya ɗauki tubali wajen ginin masallacinsa a Madina. Na biyu ga masu riƙon kuɗi: a rubuta kome, a karanta wa jama'a, domin amana ce. Na uku ga samari: mun ga zamanin da aka yi ta jayayya kan ƙabalu da sadalu, mun ga saɓanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala bayan 1978, har wa ya ƙi bin ƙane salla. Ba mu ga ribar da aka ci ba. Kada ku mai da ɗakin Allah fagen gardama kan limanci ko kan siyasa.

Mai yiwuwa ne wasunmu ba za su ga ranar buɗe wannan masallaci ba. Wannan bai dame mu ba, domin mu ma mun yi salla cikin masallatan da ba mu san maginansu ba. Abin da muke fata shi ne ya zama sadaka mai gudana, a kuma tuna da mu cikin addu'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri, Ya ba mu ikon gamawa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum.