Kwando da Labari: Abin da Za Mu Faɗa wa Yara Ranar Godiyar Kaka

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda Lahadin godiyar kaka take a majami'unmu. Maza na shigowa da buhunan shinkafa da masara, zumuntar mata na tafe da kabewa da wake a ka, yara na biye da 'yan kwanonin gyaɗa. To, a bana ka ja yaro ɗaya gefe ka tambaye shi dalilin wannan biki. In ya ce maka rana ce ta sabon ɗinki da nama, kada ka ga laifinsa. Kwandon muka ba shi ya ɗauka, amma ba mu ba shi labarin da ke tafiya tare da kwandon ba.

Tun asali, abubuwan nan biyu ba sa rabuwa. A Maimaitawar Shari'a sura 26, an umarci manomin Isra'ila ya sa nunan fari na gonarsa a kwando ya kai wa firist. Sa'an nan ya tsaya a gaban Ubangiji ya ba da tarihin gidansu da bakinsa: yadda kakansa ya yi yawo ba shi da ƙasa, yadda suka sha bauta a Masar, yadda Allah ya fisshe su ya ba su gona. A Littafin Firistoci sura 23 kuma akwai Idin Bukkoki, wanda ake farawa ran 15 ga wata na bakwai, bayan an tattara amfanin ƙasa. Mutane sukan bar ɗakunansu su zauna a bukkoki kwana bakwai, domin 'yan baya su san cewa iyayensu sun taɓa kwana a jeji. Duk da haka, Nehemiya sura 8 ta nuna mana cewa tun zamanin Joshuwa ba a kiyaye idin yadda ya kamata ba, sai da Ezra ya karanta Shari'a a gaban jama'a. In har Isra'ila ta yi sakaci haka, mu ma muna iya yi.

Mu ma muna da namu labarin. Kakanninmu a ƙasar Kano damina ɗaya suka sani a shekara. Lokacin marka, gona ta yi kore shar, amma rumbu ya kusa kai ƙasa, uwargida tana auna tsaba da tsoro. Shi ya sa ranar da gero ya nuna ta zama ranar murna. Yara sukan gasa tumu su murtsuke shi a tafin hannu, a dama furar sabon gero, a yi miyar taushe da sabuwar kabewa. Bayan an yanke dawa an ɗaure damuna an cika rumbu, samari da 'yan mata sukan shirya kalankuwa, a yi kiɗa da dambe da kokawa. A gidajen Maguzawa, inda da yawa daga cikinmu muka fito, akwai bikin shan kabewa, kuma akan yi wa iskoki yanka. Kada ka ɓoye wa ɗanka wannan, kada kuma ka koya masa raina kakanninsa. Sun gane cewa ƙarfin damtse kaɗai ba ya cika rumbu. Bishara ce ta nuna mana wanda ya cancanci godiyar.

Sun kuma san shekarar da kaka ba ta zuwa. Yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Kano. Farin da ya yi tsanani a 1973 kuwa, har yanzu akwai dattawa a cikin ikilisiyoyinmu da suka ga shanu na faɗuwa a bakin hanya.

Keɓe Lahadi guda domin godiyar girbi, kamar yadda muke yi yau, ba daɗaɗɗen abu ba ne ƙwarai. A 1843 wani limamin Angilika mai suna Robert Hawker ya kira mutanen ƙauyen Morwenstow a Ingila su zo majami'a su gode wa Allah saboda amfanin gona. Al'adar ta bazu, masu wa'azin bishara kuma suka zo da ita ƙasarmu. Da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahala a kansa, manomi Bahaushe ya karanta labarin nunan fari da harshensa, ya ga cewa ba baƙon abu ba ne a gare shi. Ya san dami, ya san masussuka, ya san kala.

Sai kuma ruwa ya zo Kadawa. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka fara gwajin noman rani a nan, aka kuma gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Daga can ruwa yake gangarowa ta manyan magudanai zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙasar da a dā take kwanciya fayau daga hunturu har bazara ta koma ba da alkama da tumatir da albasa da masara. Kura ta yi suna da shinkafa, motoci kuma na lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan zuwa kudu.

Wannan alheri ne babba, amma yana tafe da gwaji. Yaron da aka haifa a Kadawa yana ganin girbi fiye da sau ɗaya a shekara. Bai taɓa tsayawa da mahaifinsa suna duban gabas suna jiran hadari da faɗuwar gaba ba. A ganinsa ruwa daga magudana yake fitowa, abinci kuma daga buhu. Maimaitawar Shari'a sura 8 ta yi kashedi a kan wannan: mutum ya ci ya ƙoshi, ya gina gida, sai zuciyarsa ta raya masa cewa hannunsa ne ya yi. Alhali tafkin Tiga ruwan sama yake tarawa, in sama ta hana, siminti ba ya haifar da ɗigo ɗaya. A 2016 ma wata 'yar tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, ta tuna mana iyakar dabararmu.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ga mai bi, zancen ya sha bamban: wanda bai san bara ba, ba zai san darajar bana ba. Saboda haka, kafin Lahadin godiya ta bana, ka yi waɗannan abubuwa. Ka zaunar da yara a gaban kakarsu ta ba su labarin shekarar fari, da abin da aka ci, da wanda ya taimake su. Ka nemo kan gero ka gasa musu tumu, ko da shinkafa ta cika ɗaki, domin harshe yakan riƙe abin da kunne ya manta. Ka kai su bakin magudana ka faɗa musu shekarar da aka gina Tiga, da yadda wurin yake kafin nan, ka kuma tuna musu da mutanen fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu bayan an tare kogi. Malamin Makarantar Lahadi ya karanta musu labarin Rut a gonar Bo'aza, sa'an nan ka bar yaron da kansa ya auna mudu ya kai wa gwauruwa ko maraya a unguwa, Kirista ne ko Musulmi, gama Shari'a ta hana manomi girbe gonarsa har gefe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da ɗanka zai ajiye kwandonsa a gaban bagade, bari ya iya faɗin ko su wane ne kakanninsa, da yunwar da suka tsallake, da wanda ya ciyar da su.

Ya Ubangiji, mai ba da ruwan fari da na ƙarshe, ka tsare mu daga mantuwar ƙoshi, ka buɗe bakinmu mu faɗa wa 'ya'yanmu ayyukanka. Amin.