Tarihin Sharar Asibiti: Yadda Cuta Ta Tsallake Katanga

Duk wanda ya yi nazarin bunƙasar aikin likita a shekaru ɗari da saba'in da suka shuɗe, zai tabbatar cewa babu wata ni'ima cikin ni'imominsa da ta kai tsabta fa'ida, domin da ita aka raba mai jego da zazzaɓin haihuwa, da ita aka raba wanda aka yi wa tiyata da ruɓewar rauni. Amma in ya zurfafa bincike, zai tarar cewa cutar da aka kora daga ɗakin majiyyata sau da yawa ba ta hallaka ba, katanga kawai ta tsallake, ta sauka a kan maƙwabta da masu tsintar bola da yaran unguwa, waɗanda ba su zo neman magani ba, ba kuma a shawarce su ba. Yadda al'amari ya kai ga haka yana da asali, kuma sanin asalin wajibi ne ga mai son gyara.

A zamanin da Ignaz Semmelweis ya umarci likitocin babban asibitin Biyana, cikin 1847, da su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, da zamanin da Joseph Lister ya bayyana a 1867 yadda yake tsarkake rauni da kayan fiɗa a Gilasgo, da lokacin da Charles Chamberland ya ƙera tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta a Faransa cikin 1879, ma'anar tsabta ita ce wankewa da dafawa da sake amfani. Kayan asibiti na ƙarfe ne da gilashi da ƙyalle. Sirinjin da Alexander Wood ya fito da shi a 1853, shi da ire-irensa da suka biyo baya, abu ne mai daraja da ake adanawa shekara da shekaru. Dattawanmu da suka riski tsofaffin disfensare suna tuna malamin asibiti da ɗan kwanonsa na ƙarfe a kan risho, ruwa yana tafasa, allurai da sirinjin gilashi suna ciki, yana tsamo su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, in bakin allura ya dakushe a wasa ta a mayar da ita aiki. Sharar irin wannan gida ba ta wuce auduga da bandeji da 'yan kwalabe ba, rami guda yana isar ta.

Sai dai wannan tsari yana da sharaɗi mai nauyi, wato wadatar lokaci da makamashi da amanar ma'aikaci, kuma duk inda jama'a suka yi yawa kaya suka yi kaɗan, sharaɗin yakan faɗi. A ƙasar Masar, tun daga shekarun 1950 har zuwa farkon shekarun 1980, hukuma ta yi wa miliyoyin mutanen karkara allurar maganin tsargiya da kyakkyawar niyya, alhali sirinjin gilashi yana zagayawa daga hannu zuwa hannu ba tare da cikakkiyar dahuwa ba, har aka wayi gari ƙasar tana kan gaba a duniya wajen ciwon hanta nau'in C. Binciken 2008 ya nuna kusan kashi 15 cikin ɗari na baliganta sun taɓa kamuwa. A Yambuku ta ƙasar Zayar kuwa, cikin 1976, sirinji biyar ake fitarwa kowace safiya don dukkan masu zuwa asibitin mishan, kuma ta wannan hanya annobar Ebola ta bazu, ta kama mutum 318, ta kashe 280.

Maganin wannan musiba ya riga ya samu tun 1956, sa'ad da Colin Murdoch, wani mai haɗa magunguna a ƙasar New Zealand, ya yi rajistar sirinjin roba wanda ake aiki da shi sau ɗaya a jefar, sa'an nan kamfanin Becton Dickinson na Amurka ya fito da nasa a 1961. Ledar ƙarin jini da ta ƙarin ruwa suka maye gurbin kwalba, safar hannu da bututu da rigar tiyata duk suka koma na yarwa. Da cutar ƙanjamau ta bayyana a 1981, tsoron jinin ɗan Adam ya cika zukatan ma'aikata, sai yarwa ta zama ita ce tsabta, aka kuwa ceci rayuka masu yawa da haka, babu mai musu. Abin da ba a yi wa tanadi ba shi ne makomar abin da aka yar, domin roba ba ta ruɓewa, allura kuma ba ta daina huda don an gama aiki da ita.

Shekarar 1987 ce ta tona wannan asiri a wurare biyu. Cikin watan Agusta, igiyar teku ta watso sirinji da kwalaben jini da sauran ƙazanta a gaɓar jihar New Jersey, aka rufe wuraren wanka na tsawon mil hamsin, abin ya sake aukuwa a 1988 har ya shafi New York, jama'a suka ƙaurace wa bakin teku, majalisar Amurka ta kafa dokar bin sawun sharar asibiti a wannan shekara. Na biyun ya fi ban tausayi. A birnin Goyaniya na ƙasar Burazil, wani asibitin masu ciwon daji ya tashi ya bar na'urar gasa ciwon a kango, sai ranar 13 ga Satumba, 1987, wasu masu tsintar ƙarafa biyu suka kwance ta, suka tura ta gida a baro, suka huda kwanson da ke ɗauke da sinadarin siziyom, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Shi kuwa da ya ga garin yana ba da shuɗin haske cikin duhu, sai ya ɗauka wata tsarabar alheri ce, ya kai cikin iyalinsa, ya gutsura wa 'yan'uwa da abokai, har wata yarinya 'yar shekara shida ta ci abinci da shi a hannunta. Matarsa ce ta lura cewa ciwo ya shigo gidan tare da wannan abu, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai wa jami'an lafiya, ita ma tana cikin mutum huɗun da suka rasu, tare da yarinyar. An auna mutum kimanin 112,000, aka sami 249 da gubar ta taɓa, aka rushe gidaje.

Da idon duniya ya buɗe, sai asibitoci suka ƙara dogara ga wuta, bisa zaton cewa abin da ya zama toka ya daina cutarwa. Ashe an yi gudun gara ne an tadda zago. Yawancin ledoji da bututun asibiti da robar PVC ake yin su, wadda take ɗauke da kulorin, kuma idan aka ƙone ta a wutar da ba ta kai zafin digiri 850 ba, hayaƙinta yakan haifar da dayoksin, guba ce da ke sauka a kan ciyawa da ruwa, ta taru a kitsen dabba da kifi da madara, ta shiga jikin mutum ta zauna shekaru, ta isa ga jariri ta nonon uwarsa. A 1994 hukumar kare muhalli ta Amurka ta lissafa tanderun asibitoci a sahun farko na masu fitar da wannan guba, a 1997 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke cewa mafi tsananin nau'inta yana jawo ciwon daji. Amurka ta tsaurara doka a wannan shekara, tanderun asibitocinta suka ragu daga dubbai zuwa ƙasa da ɗari. Haka nan zaiba, wadda ke cikin ma'aunin zafin jiki da na hawan jini, in ta zube ko ta ƙone, tana illa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Daga nan aka shiga zamanin yarjejeniyoyi. Jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Nijeriya, cikin 1988, yana daga abubuwan da suka hanzarta yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta sa sharar asibiti a farkon jerin abubuwan da ba a ƙetare iyaka da su sai da izini, ƙasashen Afirka kuma suka ƙulla tasu a Bamako cikin 1991. Ta Stockholm a 2001 ta shafi dayoksin, ta Minamata a 2013 ta ɗora wa ƙasashe daina ƙera ma'aunai masu zaiba. Amma takarda daban, bayan asibiti daban. Tun da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kira a 1999 da a koma ga sirinji mai kulle kansa a aikin rigakafi, cutar da ke bin allura ta ragu ƙwarai, sai dai kowane zagaye na rigakafi yana barin tulin akwatunan kwali cike da allurai, waɗanda a ƙauyuka da yawa makomarsu rami ne da kananzir da ashana, ko wani ɗan tanderun bulo da ya tsage, hayaƙi yana bin iska zuwa gidajen da ke jingine da katanga. Wanda ya san garuruwanmu ya ga baban bola yana tona juji da hannu babu safa, ya ga yaro yana fesa wa ɗan'uwansa ruwa da sirinjin da ya tsinta.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna girman lamarin: allurai kimanin biliyan 16 ake yi a duniya kowace shekara, kuma a 2010 allurai marasa tsabta sun jawo wa mutum miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, da 315,000 nau'in C, da 33,800 ƙwayar ƙanjamau. Wanda allurar mai ciwon hanta nau'in B ta soka, haɗarin kamuwarsa yana kai kashi 30 cikin ɗari. Annobar korona ta ƙara nauyi a kan nauyi, domin rahoton hukumar na 2022 ya ce alluran rigakafi fiye da biliyan 8 sun bar shara tan 144,000, alhali kashi 60 cikin ɗari na asibitocin ƙasashe mafi talauci ba su da halin sarrafa ko sharar da suka saba tarawa.

Duk da haka, a cikin ƙididdigar akwai bushara, domin kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida, kashi 15 kaɗai ke da haɗari, kuma gauraya su ne ke mayar da duka najasa. Idan aka rarrabe su tun a gefen gado, aka dafa mai haɗarin a tukunyar tururi, irin wadda Chamberland ya ƙera, aka niƙe allurai ko aka binne su a ramin siminti, abin da zai buƙaci wuta kaɗan ne. Ƙasar Filifin, wadda ta haramta ƙona shara da dokar 1999, ta yi wa yara kimanin miliyan 18 rigakafin ƙyanda a 2004 ba tare da ta dogara ga tanderu ba.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa ba a gusar da cuta da wata cuta irinta, kuma wannan tarihi sharhi ne a kanta. Saboda haka ya wajaba ga hukumomi da masu asibitoci su lissafa kuɗin zubar da sirinji tun ranar da suke lissafa kuɗin sayensa, su ba leburan da ke kwashe shara safa da takalmi da rigakafin ciwon hanta kamar yadda ake ba likita, su kuma masu unguwanni da limamai su ɗauki tambayar inda sharar asibitinsu take zuwa a matsayin haƙƙin maƙwabtaka. Amanar lafiya ta haɗa da wanda ke kwance a gado da wanda ke zaune a bayan katanga, kuma za a tambayi mai riƙe da ita game da su duka biyu.